Fitilar Zauren Baba

Gidanmu yana bakin gari ne, ta hanyar Mai'adua, inda gine-ginen Daura suke ƙarewa gonaki su fara. Sabuwar unguwa ce. Idan ka tsaya a ƙofarmu za ka ga kangaye sun fi gidajen da ake kwana a ciki yawa. Wani an kai gininsa linta, daidai saman taga, an bar shi, wani ciyawa ta cinye tsakar gidansa. Mu uku ne a gidan: Baba, Inna, da ni auta. Yayyena mata duk suna gidajen mazajensu, Yayana namiji kuma yana Kano yana sayar da kayan sola da kyamarori. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, don haka ni ce 'yar aike, ni ce kuma mai karanta wa Baba duk saƙon da ya shigo wayarsa da Turanci.

Baba dabbobi yake saye yana sayarwa. Ranar kasuwar Mai'adua tun da hantsi yake fita, wani lokaci ya leƙa Mashi, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Kowa ya san sana'arsa, kuma kowa ya san mai irin wannan sana'a ba ya dawowa daga kasuwa hannu rabbana.

A shekarar, labarin ɗaukar mutane ya yi yawa. Mu a Daura daga nesa muke jinsa, can yamma da mu, sai dai nesan kullum ƙara matsowa yake yi. Da aka bi wani abokin cinikin Baba har gidansa a wani gari aka tafi da shi, Yaya ya kasa zama a Kano. Ya zo da kwali a bayan mota, ya yini yana hawa tsani yana sauka.

Ya manna wasu 'yan abubuwa farare kamar kwalin ashana a ƙofar baya da kan katanga. Ya ɗaura jiniya a saman ɗakin Baba. Ya ajiye wani ɗan akwati mai layin waya a cikinsa kusa da batirin sola, ya ce shi ne ƙwaƙwalwar abin. Duk bayanin a waya yake zuwa, ya sa manhajar a tasa da tawa, amma da Turanci ne. Inna ba ta yi boko ba, Baba ma lamba kawai yake ganewa. Shi ya sa ya zo da ƙwayayen fitila guda uku, irin masu canza launi.

"Inna, ba sai kin karanta komai ba," in ji shi. "Fitila kawai za ki duba. In koriya ce, Baba yana gida ko yana kusa. In shuɗiya ce, ya yi nisa, na'ura ta kama gadi da kanta. In ta yi ja, an taɓa ƙofar baya ko an hau katanga."

"To ita ina ta san ya fita? Ido gare ta?"

"Wayarsa take bi. Yana wuce shataletale za ta juya shuɗi. Yana dawowa wurin kuma ta koma kore."

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ni da muka tsufa tare ban taɓa sanin sa'ar dawowarsa ba, ga ƙwan fitila ya sani."

Yaya ya haɗa ta da wayar Baba ne saboda ya san halinsa. Da an ce shi zai riƙa danna wani abu kafin ya fita, da ko sau ɗaya ba zai tuna ba.

Ɗaya aka sa a ɗakin Inna, ɗaya a tsakar gida. A kan ta ukun ne aka yi musu. Yaya ya so ya sa ta a ɗakin Baba. Baba ya ce shi ba mazaunin ɗaki ba ne, a zaure yake yini, a zaure yake cin abinci da mutanensa, kuma ƙwan zauren ya ƙone tun da azumi. Yaya ya ce to a riƙa rufe ƙofar zauren da rana. Baba ya dube shi kamar ya yi saɓo.

"In rufe zaure da rana tsaka? Mutuwa na yi ko ƙaura? Ubana bai rufe nasa ba. Matafiyi ya zo ina zai fake, mai sallama ya tsaya a titi?"

Yaya ya hau tsani ya ɗaura. Ina tsaye ina riƙe masa ƙafar tsanin. Ban ga wani aibu a ciki ba a ranar, ni launin ne ma ya burge ni.

Gaskiya da farko mun ji daɗinta. Rana da dare a kunne take, tunda sola ce. Ranar kasuwa Inna za ta zauna tana gyaran wake tana satar kallon ƙwan tsakar gida, da ya yi kore sai ta ce, "Tashi ki kwashe tuwon nan, ga shi nan tafe." Kafin Baba ya cire takalmi an kai ruwan alwala, abinci yana tururi. Shi kansa abin ya shiga ransa. Da yamma idan mutanensa suka taru a zaure, ina jiyo shi ta bayan ƙofar ƙarfen da ta raba zauren da cikin gida yana yi musu bayani dalla-dalla, wannan launi kaza, wancan kaza, yaron nan ne ya haɗa. Wani ya ce, "Alhaji, to in ka shiga wanka wane kala take yi?" Wani ya ce shi ba zai yarda a sa masa ba, don matarsa za ta gane ranar da ya tsaya majalisar mai shayi. Aka yi ta dariya. Zauren Baba ba ya rabo da mutane: maƙwabta, dillalai, direbobin da ke ɗaukar masa dabbobi, da waɗanda wani ya jawo su. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi dalilin koren haske, Baba kuwa ba ya gajiya da amsa.

Akwai abin da Inna ta koya mini tun ina ƙarama, kamar yadda aka koya mata. Idan namiji ya yi sallama ba ki san shi ba, ba ki cewa maigida ya yi tafiya. Sai ki ce yana ciki yana hutawa, wa za a ce masa? Ko ki ce ya ɗan zaga, yanzu zai shigo. Ba ƙarya ake ɗaukarsa ba, sutura ce. Baƙo ba ya sanin gida mata ne kaɗai a ciki. Na saba da faɗin haka har ba na tunani kafin ya fito daga bakina.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, cikin damina, gero ya kai kafaɗa. Inna ta kwana biyu da zazzaɓi, tana kwance a ɗaki. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu irin mai ja-ja ɗin nan, iska ta fara kaɗa rufin kwano. Na fito ina kwashe shanya sai na ji sallama a zaure.

Na matsa jikin ƙofar ƙarfe, tana kulle kamar kullum idan Baba ba ya nan. Na amsa.

"Alhaji yana ciki?"

"Yana ciki, yana hutawa. Wa za a ce?"

Sai ya yi 'yar dariya. Ba dariyar mugunta ba, irin wadda babba yake yi wa yaro idan ya kama shi yana ɓoye alewa a baki.

"Haba 'yan mata. Ai ga fitila nan shuɗiya."

Shanyar tana hannuna, na ji ta yi mini nauyi.

"Ba komai," in ji shi. "Ma jira ta yi kore."

Muryarsa a kwance take, ta dattijo ko mai shirin zama dattijo, akwai ɗan kaushi a ƙarshenta kamar mai yawan cin goro. Hausarsa irin tamu ce sak. Na ji takunsa ya fita.

Ko a nan ban gama tsorata ba. Na ce wa kaina wani dillali ne a cikin mutanen Baba. Abin da ya dame ni shi ne fitar da ya yi. Ga tabarma a shimfiɗe a zaure, ga buta, ga hadari yana shirin zubowa. Mai jiran maigida a zaure yake jira, don haka aka gina shi. Wane irin baƙo ne zai bar inuwa ya koma cikin iska?

Ɗakin Yaya yana da 'yar taga sama da ke kallon titi. Na shiga na taka gadonsa na leƙa ta gefen labule. A kangon da ke fuskantar gidanmu, can cikin inda ya kamata a ce falo ne, akwai babura biyu an tura su bayan bango, sai ƙeyarsu ake gani. Mutum uku na gani. Biyu suna tsugune sun naɗe fuska da rawani, wanda a irin wannan iska ba abin mamaki ba ne. Na ukun yana tsaye ya ba ni baya, da doguwar riga ruwan ƙasa. A jikin babur ɗaya an ɗaure buhu, abin da ke cikinsa dogo ne, bai lanƙwashe ba. Ba hira suke yi ba. Biyun da ke tsugune fuskarsu tana wuri ɗaya, ƙofar zaurenmu. Na bi inda suke kallo, na ga yadda shuɗin hasken ya zubo har kan dakalin waje. A duhun hadarin nan ko daga bakin titi za ka gan shi.

Ban san yadda na sauko daga gadon ba. Na sami Inna na faɗa mata, maganar tana fita guntu-guntu. Ta tashi zaune, zazzaɓin kamar an ɗauke shi da hannu.

"Kira shi."

Na kira Baba. Ba ta shiga. Na sake, matar nan ta kamfanin waya ta ce ba a samun lambar. Haka wayarsa take yi a Mai'adua, wani lokaci ta kama sabis ɗin Nijar ta ɓace, ga kuma hadari. Na kira Yaya, shi ya ɗauka.

Ya saurare ni har na gama, sai na ji numfashinsa ya canza. "Innalillahi. Zauren nan. Na faɗa masa." Sannan ya ce, "Auta, ji nan. Je ki kashe inbatar sola, duk fitilun su mutu."

Na miƙe. Inna ta damƙe zanena.

"Kada ki taɓa. Ba ni shi." Ta karɓi wayar. "Kai, in fitilar nan ta mutu yanzu, me za su ce? Za su ce an gan su. Yanzu jira suke yi a waje. In suka san an gane su, ciki za su shigo, mu biyu ne, ƙofar baya ta langa-langa ce."

"To in kunna jiniya daga nan, Inna."

"Wa zai ji? Mazan unguwa duk suna kasuwa. Ga ruwa ya sauko."

Ya sauko kuwa. Kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, sai mun ɗaga murya muke jin juna. Yaya ya ce zai kira shugaban 'yan sintirin unguwa, zai kira duk wanda ya sani a tasha a tare Baba a hanya, mu kada mu daina gwada lambarsa. Bayan ɗan lokaci ya sake kira ya ce shugaban 'yan sintirin shi ma yana Mai'adua, wayar wani a kashe, wani ya ce bai san motar da Baba ya shigo ba. Ya ce yana ƙoƙarin raba fitilar da wayar Baba ta manhaja don ta tsaya a shuɗi, amma umarnin ya ƙi isa akwatin gidanmu, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ni ma na gwada a tawa, abin yana ta juyawa kawai.

Muka zauna a bakin gadon Inna. Ƙwan ɗakinta yana rataye a tsakiya, ya mayar da komai shuɗi: kwanukan jerenta, farin mayafinta, tafin hannuna. Inna tana jan carbi bakinta yana motsi. Ni ina danna kira, in ji matar nan, in katse, in sake dannawa. Abin da ke cin raina shi ne mu da su abu ɗaya muke kallo. Mu a ciki, su a kango, kowa ya zuba wa fitila ido yana jiran Baba.

Na ce, "Inna, ko dai masu neman sa da magana ne kawai? Ko ruwa suka fake wa?"

Ba ta dube ni ba. "A kangon da ba rufi?"

Can na ji kiran sallar magariba daga nesa, iska tana kawo shi tana mayarwa. Ba wadda ta tashi a cikinmu. Batirin wayata ya fara ja, na jona ta a caji na durƙusa a gefen soket ɗin ina ci gaba da kira.

Sai ɗakin ya yi kore.

Ba ƙara, ba komai. Kwanukan Inna kawai na ga sun canza. Daga shataletale zuwa gidanmu ba nisa a mota, Inna tuwo kawai take iya kwashewa a tsakanin. Yatsana ya zame daga kan wayar, na goge shi a zane na sake dannawa. Ta shiga. Tana ƙara, tana ƙara. Baba a aljihun ciki yake sa waya, ƙarƙashin babbar riga. Ta katse ba a ɗauka ba. Na sake.

"Auta? Ga ni nan, na kusa. Ruwa ne ya tsare mu."

"Baba kada ka zo. Don Allah kada ka zo gida. Akwai mutane a kango suna jiranka."

"Wane irin mutane? Ke lafiyarki kuwa?"

"Da babura, Baba, da abu a buhu. Sun ce suna jira fitila ta yi kore. Ta yi."

Ina jin ƙarar injin mota da muryar direba yana tambaya.

"To ai shi ya sa zan zo," in ji Baba. "Ku biyu ne a gidan. In bar iyalina in gudu? Kai direba, taka."

Inna ta fizge wayar har cajar ta fita daga bango. Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba. Ko amsa kiransa a hankali take yi.

"Alhaji! Ka juya na ce! Ba mu suke nema ba, da mu ne da tuni sun shigo. Kai suke jira. Me za ka yi musu, da carbi za ka doke su? In ka zo sun ɗauke ka a gabanmu, ko su harbe ka a kan dakalinka. Ka koma tasha ka tara mutane. Wallahi in ka ƙaraso ban yafe ba."

Ban ji abin da ya ce ba. Ta sauke wayar a cinyarta. Muka ɗaga kai.

Kore. Kore. Na fara ƙirga numfashina na bari. Idan direban bai juya ba, yanzu sun wuce gidan mai, yanzu sun shigo kwanar unguwa. Na kasa kunne ko zan ji mota, ruwa bai bar ni na ji komai ba.

Sai ta koma shuɗi.

Na saki ajiyar zuciya, har na fara cewa alhamdulillahi. Inna ce ta riga ni ganewa. Ta dafa kafaɗata da ƙarfi, ta nuna ƙofa da haɓa. Abin da muka gani su ma sun gani. Mutum ya zo har bakin unguwarsa cikin ruwa, sannan ya juya. Ba sai an gaya musu daga ina aka kira shi ba.

Inna ta ce in shiga ƙarƙashin gado. Ban shiga ba. Daga ƙofar ɗakinta ana hango ƙofar ƙarfen zaure, akwai 'yar tazara a ƙasanta inda haske ke shigowa. Ina kallo inuwa ta raba hasken nan biyu. Wani yana tsaye a jikinta.

Ya ƙwanƙwasa. A hankali, da gaɓar yatsa, kamar mai jin nauyin tashin mutane daga barci.

"'Yan mata."

Muryar ɗazu ce. Na toshe bakina da mayafi.

"Ashe Alhaji ya fasa hutawar." Ya ɗan dakata. "Kin kyauta. Ki gaishe shi. Ki ce masa ana nan."

Aka taɓa mariƙin ƙofar, aka murɗa shi sau ɗaya, aka saki.

A nan ne na tuna da wayar. Ba sauran abin ɓoyewa. Na buɗe manhajar, na danna jan maɓallin da Yaya ya nuna mini, ban ma sa ran zai yi ba. Wannan karon ya isa. Gidan gaba ɗaya ya yi ja, jiniya ta ɓarke a saman ɗakin Baba, awakinmu suka rikice a garke. Inuwar ƙarƙashin ƙofa ba ta motsa nan take ba. Ta tsaya kamar mai sauraron wani abu da ya ba shi sha'awa, sannan ta janye. Bayan ɗan lokaci, a ƙarƙashin kukan jiniyar, na ji babura sun tashi. Ba gudu suka yi ba. Sun bi ta bayan gida, hanyar gonaki, ƙararsu tana raguwa a hankali har ruwa ya shanye ta.

Wajen isha Baba ya iso da motoci biyu cike da mutanen tasha da 'yan sintiri, da tocila da sanduna. Suka duba kangon. Sawun taya ne kawai a cikin laka, da ɓawon gyaɗa a inda suka tsuguna. Baba ya shigo jiƙe sharkaf, ba hula a kansa. Ya dubi Inna, ya dube ni. Ya ɗauko kujera ya taka da kansa ya kwance ƙwan zauren, yana da zafi ya ƙona shi, bai saki ba sai da ya fitar.

Washegari aka kai maganar ga mai unguwa da hukuma, aka zo aka yi tambayoyi aka rubuta. Yaya ya iso daga Kano idonsa jawur, ya raba na'urar da wayar Baba, ya sauke sauran ƙwayayen biyu ya mayar da su kwali. Inna ta ce ya bar jiniyar.

Daga nan sai 'yan jaje. Tun da safe zauren ya cika, wasu na tashi wasu na zama. Allah ya kiyaye gaba, Allah ya tona asirinsu, Alhaji ai ka auna arziki. Ni ce mai kai ruwa da shayi bakin ƙofar ƙarfe, in ajiye in ƙwanƙwasa, Yaya ya ɗauka. A karo na nawa ne ban tuna ba, na sunkuya zan ajiye tire, sai wani a ciki ya ce, "Ai Alhaji, yarinyar nan taka ta kyauta."

Irin muryar nan ce. A kwance, da ɗan kaushi a ƙarshe. Na tsaya a sunkuye ina jira ya ƙara magana, sai wasu suka amsa da "ƙwarai kuwa", muryoyi suka hau kan juna, aka shiga addu'a. Ban sake jin ta ba.

Da yamma, bayan an watse, na sami Baba a tsakar gida na faɗa masa. Ya ajiye butar hannunsa.

"Wane ne?"

"Ban sani ba, Baba. Muryar ce."

"Fari ne, baƙi ne? Dogo? Yana da gemu?"

"Bayansa kawai na gani a kango. Yau kuma ban leƙa ba."

Ya fara kiran mutanen da suka zo ɗaya bayan ɗaya, wane ne, ko wane ne. Sai a lokacin na lura ban san fuskar kowa a cikinsu ba. Na girma ina jin su ta bayan ƙofa, na san mai tari, na san mai dariya da ƙarfi, na san takalman wasu a bakin zaure. Amma in haɗa murya da suna, ban iya ba. 'Ya mace ba ta shiga zaure ta ƙare wa abokan ubanta kallo.

"Kin tabbata ita ce?"

Na buɗe baki in ce na tabbata. Sai na tuna dattawan garin nan rabinsu goro suke ci, rabinsu haka suke magana a kwance. Kuma kowa ya ji labarin, kowa zai iya cewa na kyauta.

"Kamar ita ce," na ce.

Baba ya ɗauki butarsa. "Ba a ɗora wa mutum irin wannan da kamar," in ji shi. "Kada ki faɗa wa kowa. Ko yayyenki."

Yaya ya roƙe shi ya rufe zauren ko na wata ɗaya ne, ko mu koma gidan kakanninmu a cikin gari. Baba ya ce zai duba. Ya daina dawowa daga kasuwa shi kaɗai, ya daina faɗin ranar da zai je Mashi, wani lokaci ma sai ya kwana a cikin gari ba tare da ya gaya wa kowa ba sai Inna. An canza ƙofar baya an sa ta ƙarfe. Amma zauren yana buɗe. Ya ce idan ya rufe, mutumin zai san an gane shi, kuma sauran da ba su yi komai ba za su ce Alhaji yana zarginsu.

Sakamakona ya fito, na ci, ban cike takardar ko'ina ba tukuna. Inna tana cewa in tafi Kano wurin Yaya in huta. Ina so in tafi. Amma a duk gidan nan ni kaɗai ce na ji shi da kyau, Inna zazzaɓi da ruwa sun toshe mata kunne a ranar. In na tafi, ba mai gane shi.

Jiya da yamma sun taru kamar kullum, ana ta musu a kan farashin raguna. Na kai tuwo na ajiye a bakin ƙofa. Na ji Baba yana cewa, "Bismillah, ku matso," na ji an jawo kwano, an fara wanke hannu a cikin roba ɗaya bayan ɗaya.